Tambayoyi da Amsoshi Kan Lissafin Girman Fili: Daga Daɓen Ɗaki Zuwa Gona

Ɗalibin da ke shirin jarrabawa, da magidancin da zai sayi fuloti, da manomin da aka ce ya zuba takin zamani gwargwadon hekta, duk lissafi ɗaya suke nema, wato sanin girman filin da ke cikin iyakokin wata siffa. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda suka fi yawan rikita mutane a wannan fanni. An yi amfani da kalmar murabba'i ga siffa mai gefe huɗu daidai wa daida da kusurwoyi huɗu masu digiri 90, da mustaɗili ga irinta wadda tsawonta ya fi faɗinta, da alwatika ga siffa mai gefe uku, da kuma da'ira ga zagaye.

Mene ne ainihin girman fili, kuma me ya sa ake cewa murabba'in mita maimakon mita kawai?

Tsawo layi ne, don haka da igiya ko tef ake auna shi. Fili kuwa shimfiɗa ce, kuma ba a iya auna shimfiɗa sai da wata shimfiɗar. Wanda ya ce zauren gidansa yana cin tabarma shida ya riga ya faɗi girman zauren, sai dai ma'aunin nasa bai tsaya ba, domin tabarmar wani ta fi ta wani. Saboda haka aka yi ittifaƙi a kan wata shimfiɗa guda wadda kowa zai sani, wato murabba'i mai mita ɗaya a kowane gefe, aka kira ta murabba'in mita. Idan an ce ɗaki yana da murabba'in mita 14, ana nufin irin wannan shimfiɗa guda 14 ne za su rufe daɓensa ba tare da gibi ko hawa kan juna ba.

Wannan shi ne tushen darasin gaba ɗaya, kuma ina ganin duk wanda ya riƙe shi da kyau ya fi wanda ya haddace ƙa'idoji goma bai san daga inda suka fito ba. Kowace ƙa'ida da za a ambata nan gaba gajeriyar hanya ce ta ƙidaya waɗannan ƙananan murabba'ai. Idan ƙa'ida ta kuɓuce wa mutum, zai iya sake gano ta da takarda da almakashi, muddin bai manta abin da yake ƙidayawa ba.

Yaya ake lissafin girman murabba'i da mustaɗili?

Ana ninka tsawo da faɗi. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.5 yana da murabba'in mita 14, domin a kowane layi za a jera murabba'ai huɗu, kuma layukan uku da rabi ne. A murabba'i kuwa, tun da gefunan duk ɗaya ne, sai a ninka gefe da kansa: ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe yana da murabba'in ƙafa 144. Sharaɗi guda shi ne tsawon da faɗin su kasance da ma'auni ɗaya kafin a ninka, kada a ɗauki ɗaya da mita, ɗaya da ƙafa.

Idan filaye biyu suka ci waya ko katanga mai tsawo ɗaya, ba girmansu ɗaya ke nan ba?

A'a, kuma wannan kuskure ya zama ruwan dare. Kewaye shi ne tsawon iyakar fili idan an zagaye shi, girma kuwa shi ne abin da ke cikin iyakar. A ɗauka mutum yana da waya mai tsawon mita 40 da zai killace lambu. Idan ya yi lambun mita 10 da mita 10, zai sami murabba'in mita 100. Idan ya yi mita 15 da mita 5, wayar za ta ƙare daidai kamar ta farko, amma filin ya koma 75. Idan ya miƙar da shi siriri, mita 18 da mita 2, abin da ya rage masa 36 ne kacal. Da zai lanƙwasa wayar ta zama da'ira, da ya sami kimanin murabba'in mita 127, domin a cikin dukan siffofin da kewayensu ya zo ɗaya, da'ira ce ta fi ɗaukar fili. Saboda haka zagaye gona da ƙafa a ƙirga taku ba ya nuna girmanta, sai an san yadda siffarta take.

Dillali ya ce mini fili mai ƙafa 50 da 50 rabin mai 100 da 100 ne. Haka ne?

Ba haka ba ne, rubu'insa ne. Fili mai ƙafa 100 da 100 yana da murabba'in ƙafa 10,000, mai 50 da 50 kuwa yana da 2,500, wato sai an jera irinsa huɗu kafin a cike babban. Wanda yake rabin mai 100 da 100 shi ne mai 50 da 100, wanda ke da murabba'in ƙafa 5,000, kuma shi ne girman da aka fi sani da sunan fuloti a garuruwa da yawa na Najeriya. Mai 50 da 75 yana da 3,750.

Dalilin shi ne idan aka rage tsawo da faɗi duka biyu zuwa rabi, an raba girman da biyu har sau biyu. Haka nan idan aka ruɓanya kowane gefe, girman yana ƙaruwa ninki huɗu, idan kuma aka ninka gefe sau uku, girman yana ƙaruwa ninki tara. Ya kamata mai saye ya zauna ya fitar da farashin murabba'in ƙafa ɗaya a kowane filin da aka nuna masa kafin ya ce wannan ya fi wancan araha, domin sau da yawa ƙaramin filin da ake ganin mai sauƙin kuɗi shi ne mafi tsada idan an bi ta wannan hanya.

Ta yaya zan mayar da ƙafa zuwa mita, kuma mene ne bambancin eka da hekta?

Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce. Amma a lissafin fili dole a ninka wannan adadi da kansa, don haka murabba'in ƙafa ɗaya ya kama kimanin murabba'in mita 0.093, murabba'in mita ɗaya kuma ya kama kimanin murabba'in ƙafa 10.76. Ta haka fuloti mai 50 da 100 ya zama kimanin murabba'in mita 465, mai 100 da 100 kuma kimanin 929. Wannan yana da amfani ƙwarai ga wanda ke hulɗa tsakanin Najeriya da Nijar, domin a Nijar da murabba'in mita ake faɗin girman fili, haka ma takardun safiyo a Najeriya da mita ake rubuta su, alhali cinikin baki da ƙafa ake yin sa.

Irin wannan tarko yana nan tsakanin mita da santimita. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, wato 100 sau 100. Ɗalibai da dama suna zubar da maki a nan.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kamar fili mai mita 100 a kowane gefe. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, wato kimanin murabba'in mita 4,047, don haka hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi, ko 2.47 idan ana son a matsa kusa. Murabba'in kilomita ɗaya kuwa hekta 100 ne. Akwai buƙatar a yi hattara da kalmar kadada, domin wasu suna nufin eka da ita, wasu kuma hekta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Manomin da aka gaya masa adadin buhunan takin da ake zubawa a hekta, ya je ya zuba su a eka, ya ɗora wa ƙasarsa ninki biyu da rabi na abin da aka ce, ya kuma yi asarar kuɗinsa. Hanyar da ta dace ita ce ya raba girman gonarsa da 10,000. Gona mai mita 80 da 50 tana da murabba'in mita 4,000, wato hekta 0.4, saboda haka idan an ce buhu biyar ga hekta, buhu biyu ne rabonta.

Filin da aka nuna mini gefunansa ƙafa 100 da 50 ne, amma a jirkice yake. Har yanzu 5,000 ne?

Ba zai kai ba. Idan gefuna masu fuskantar juna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa amma kusurwoyin ba digiri 90 ba ne, to siffar mustaɗili ce da ta karkace, kuma girmanta shi ne gindi sau tsayi. Tsayin da ake nufi shi ne tazarar da ke tsakanin gefuna biyun idan an auna ta a miƙe cak, ba tsawon gefen da ya kwanta ba. Ana iya ganin dalilin da takarda: a yanke alwatikar da ta yi tsini a gefe guda, a kai ta ɗaya gefen a liƙa, sai siffar ta koma mustaɗili sosai, mai faɗi daidai da wannan tsayi.

Idan gindin ƙafa 100 ne, gefen da ya kwanta 50, amma tazara ta miƙe ta kasance 40, girman filin 4,000 ne. Wanda ya biya kuɗin 5,000, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya tafi ne a kan filin da babu shi a ƙasa. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko fili a miƙe yake: a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a gicciye, sa'an nan a auna ɗayan gicciyen. A mustaɗili na gaskiya awon biyu ɗaya suke, kuma a fuloti mai 50 da 100 kowannensu zai kai kimanin ƙafa 111.8. Magina ma suna da tasu dabarar ta uku da huɗu da biyar: idan an auna ƙafa 3 a gefe ɗaya daga kusurwa, ƙafa 4 a ɗayan, aka ga tsakanin alamomin biyu ƙafa 5 ne, to kusurwar ta zauna.

Me ya sa ake raba lissafin alwatika da biyu?

Domin kowace alwatika rabin wata siffa ce mai gefe huɗu. Idan aka yanki alwatika biyu iri ɗaya, aka juya ɗaya aka haɗa ta da 'yar'uwarta, za su ba da mustaɗili, ko miƙaƙƙe ko karkatacce, wanda girmansa gindi sau tsayi ne. Rabin wannan shi ne na alwatika guda. Kusurwar gona mai gindin mita 30 da tsayin mita 20 tana da murabba'in mita 300. A nan ma tsayin shi ne layin da ya sauko daga tsini ya faɗa kan gindi a miƙe cak, kuma ana iya ɗaukar kowane gefe cikin ukun a matsayin gindi, matuƙar an auna tsayin da ya dace da shi, amsar ba za ta canza ba.

A gona ba shi da sauƙi a gano tsayin alwatika. Akwai hanyar da za a bi da gefuna uku kawai?

Akwai, kuma tsohuwar hanya ce da ake jingina wa Hiron, masanin lissafi da ƙere-ƙere da ya rayu a birnin Iskandariya na Masar a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ana haɗa gefuna uku a raba jimlar da biyu, a sami rabin kewaye. Sai a ɗebe kowane gefe daga rabin kewayen, a sami lambobi uku. Daga nan a ninka rabin kewayen da waɗannan lambobi uku gaba ɗaya, a nemi tushen murabba'in abin da ya fito, wato lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi.

A ɗauki gona mai gefuna mita 130 da 140 da 150. Jimlarsu 420 ce, rabinta 210. Idan an ɗebe gefunan za a sami 80 da 70 da 60. Ninka 210 da 80 da 70 da 60 yana ba da 70,560,000, tushen murabba'insa kuwa 8,400. Girman gonar murabba'in mita 8,400 ne, wato hekta 0.84. Lambobin suna da yawa a ido, amma kalkuletar da ke cikin kowace wayar hannu za ta fitar da su nan take. Ƙimar wannan hanya ita ce ba ta buƙatar a auna kusurwa ko a nemi tsayi, tef da turaku uku sun wadatar.

Gaban filinmu ya fi bayansa faɗi. Yaya za mu lissafa shi, kuma yaya za mu raba shi tsakanin magada?

Idan gaban da bayan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai a haɗa su a raba da biyu, a ninka da tazarar da ke tsakaninsu, wadda aka auna a miƙe. Fili mai gaban ƙafa 70 da bayan ƙafa 50 da zurfin ƙafa 100 yana da matsakaicin faɗi 60, girmansa kuma 6,000.

Wajen rabo ne ya kamata a nutsu. Da za a ja igiya a tsakiyar zurfin, a ba ɗaya ƙafa 50 na gaba, ɗaya ƙafa 50 na baya, ido zai ga kamar an yi adalci. Amma faɗin filin a inda igiyar ta ratsa ƙafa 60 ne, don haka kashin gaba yana da matsakaicin faɗi 65 da girma 3,250, na baya kuwa matsakaicinsa 55 da girma 2,750. Bambancin murabba'in ƙafa 500 ne, kuma ya isa a gina ɗakuna uku masu ƙafa 12 da 12 har da saura. Malamin da ya fitar da kason kowane magaji ya yi nasa aikin, sai dai kason ba zai isa hannun mai shi daidai ba idan wanda ya riƙe tef ya raba tsawo maimakon girma. Abin da ya dace shi ne a fara fitar da girman filin duka, a raba adadin bisa kason kowa, sa'an nan a nemi inda igiya za ta bi ta ba kowa adadinsa. Batun cewa gefen titi ya fi na baya daraja wani al'amari ne na daban, wanda masu sanin farashi za su duba bayan an gama lissafin girma.

Gonata tana da gefe huɗu, kowanne da tsawonsa. Ba zan iya ɗaukar matsakaicin gefuna masu fuskantar juna in ninka ba?

Mutane da yawa haka suke yi, kuma dabarar ta daɗe a duniya, domin an same ta a rubuce-rubucen da ke jikin bangon wurin bautar Edfu a kudancin Masar, inda aka lissafa girman gonaki da ita fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Daɗewarta bai sa ta zama daidai ba. Idan gonar mustaɗili ce ta gaskiya, amsar za ta fito daidai, amma a kowace siffa ta daban amsar tana fin gaskiya yawa, ba ta taɓa gazawa. Ma'ana kuskuren kullum a gefe ɗaya yake faɗuwa, yana amfanar mai sayarwa da mai karɓar kuɗin haya ko na noman tarakta, yana cutar da mai biya.

Asalin matsalar ita ce gefuna huɗu kaɗai ba sa tsayar da siffa. Wanda ya ɗaure kara huɗu a bakunansu zai ga yana iya matse su ko ya buɗe su, filin da ke tsakiya yana raguwa yana ƙaruwa, alhali tsawon karan bai canza ba. Kara uku kuwa idan an ɗaure su ba sa motsi. Wannan ne ya sa magani shi ne a ƙara awo na biyar, wato a ja tef daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ke fuskantarta, a raba gonar gida biyu, kowanne alwatika, a lissafa su da hanyar Hiron a haɗa.

Ga misali. Gona tana da gefuna mita 30 da 40 da 60 da 50 bi da bi, kuma awon gicciyen da ya raba gefuna biyu na farko daga biyu na ƙarshe mita 50 ne. Alwatika ta farko, mai 30 da 40 da 50, tana da murabba'in mita 600. Ta biyu, mai 50 da 60 da 50, tana da 1,200. Jimla 1,800. Da an bi hanyar matsakaici, 30 da 60 za su ba da 45, haka 40 da 50 za su ba da 45, ninkinsu kuma 2,025. An ƙara wa gonar murabba'in mita 225 da ba nata ba, wato kashi ɗaya cikin takwas na girmanta na gaskiya. Gona mai gefe biyar ko shida ma haka ake yi mata: a tsaya a kusurwa ɗaya, a ja layi zuwa sauran kusurwoyin, a lissafa alwatikan ɗaya bayan ɗaya. Aikin yana cin lokaci, amma yinin da aka ɓata a kansa ya fi shekarun da ake ɓatawa a gaban alƙali.

Yaya ake lissafin girman da'ira, kuma daga ina lambar 3.14 ta fito?

Ana auna faɗin da'ira ta tsakiyarta a raba da biyu, a ninka rabin da kansa, sa'an nan a ninka da lambar da ake kira fai, wadda ake rubutawa da harafin Girka π. Ɗaki zagaye mai faɗin mita 4 yana da rabin faɗi 2, ninkinsa da kansa 4, girman daɓen kuma kimanin murabba'in mita 12.57. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta da rabawa, a ninka faɗin gaba ɗaya da kansa, sai amsa ta fito ninki huɗu na gaskiya.

Fai ba lamba ce da wani ya zaɓa ba. Duk wanda ya zagaye faifai ko bakin randa da zare, ya gwada zaren da faɗin abin, zai ga ya ninka shi sau uku da ɗan ƙari, komai girman da'irar ko ƙanƙantarta. Wannan uku da ɗoriya ita ce fai, wato kimanin 3.14. Dalilin shigarta lissafin girma kuwa ana iya ganinsa da gurasa: a yanka ta daga tsakiya gida goma sha shida, a jera yankan ɗaya tsini sama ɗaya tsini ƙasa, sai a ga sun ba da abu mai kama da mustaɗili, wanda faɗinsa rabin faɗin gurasar ne, tsawonsa kuma rabin kewayenta. Gwargwadon sirantar yankan, gwargwadon yadda siffar ke ƙara miƙewa.

Mutanen da sun sha fama da wannan lamba. A wata takardar lissafi ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ana ɗebe kashi ɗaya cikin tara na faɗin da'ira a ninka saura da kansa, ta yadda da'ira mai faɗi 9 za ta ba da 64, alhali amsar da muke samu a yau kimanin 63.6 ce. Arkimidas, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa fai ta fi uku da 10 bisa 71, amma ba ta kai uku da ɗaya bisa bakwai ba, wato 22 bisa 7.

Wannan lissafi yana da amfani ga masu noman rani. Bakin bututu mai faɗin inci 4 ya ninka na mai inci 2 sau huɗu, na mai inci 3 kuma ya ninka shi sau biyu da kwata, domin da'ira ma tana bin dokar da aka ambata a batun fuloti.

To wanne ne daidai, 22 bisa 7 ko 3.14?

Dukansu kusantowa ce, domin lambobin da ke bayan ɗigo a fai ba su da ƙarshe kuma ba sa maimaita kansu. Farkonta 3.14159 ne, 22 bisa 7 kuwa yana ba da 3.14286, don haka 3.14 ya ɗan gaza, 22 bisa 7 ya ɗan wuce. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya keɓe babi guda kan awon fili a littafinsa na aljabara, inda ya kawo uku da ɗaya bisa bakwai, ya kuma kawo 62,832 bisa 20,000, wato 3.1416, a matsayin abin da masana taurari ke amfani da shi. A jarrabawa sai a bi wanda aka rubuta a tambaya. Idan faɗin yana rabuwa da bakwai, 22 bisa 7 ya fi sauƙi: da'ira mai faɗin mita 7 tana ba da 38.5 ba tare da wahala ba.

Ta yaya zan san yawan tayil da fenti da kwanon rufin da zan saya?

A batun tayil ana raba girman daɓe da girman tayil guda. Tayil mai santimita 40 da 40 yana da murabba'in mita 0.16, don haka ɗaki mai murabba'in mita 14 zai ci 87 da rabi, wato 88. Mai santimita 60 da 60 yana da 0.36, ɗakin zai ci 39. An saba ƙara kimanin kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, kuma ya fi kyau a ƙara tun farko, domin ba kullum ake sake samun launin a kasuwa ba.

Bango kuwa kewayen ɗaki ake ninkawa da tsayinsa, a ɗebe ƙofa da taga. Ɗakin mita 4 da 3.5 yana da kewayen mita 15, idan tsayinsa mita 3 ne, bangon ya kama 45. A ɗebe ƙofa mai mita 0.9 da 2.1, wato 1.89, da taga mai 1.2 da 1.2, wato 1.44, saura kimanin 41.7. Sai a duba jikin bokitin fenti a ga filin da lita ɗaya ke rufewa, a kuma tuna cewa shafa biyu tana cin ninki biyu, sabon filasta kuma yana shan fenti fiye da tsoho.

Rufi ne ya fi yaudarar masu gini, domin girmansa ya fi na ginin da ke ƙarƙashinsa. Gini mai faɗin mita 8 da tsawon mita 12 yana zaune a kan murabba'in mita 96. Idan tsinin rufin ya tashi mita 3 a tsakiya, kowane ɓangare yana gangarowa mita 5, ba 4 ba, bisa wannan ƙa'ida ta uku da huɗu da biyar. Ɓangarorin biyu sun kama 120 ke nan, tun kafin a lissafa abin da zai zarce bango da inda kwano ke hawa kan kwano.

Falon gidana yana da lungu, ba mustaɗili ba ne sosai. Yaya zan yi?

Ko dai a raba shi zuwa mustaɗilai biyu ko uku a haɗa girmansu, ko a ɗauke shi a matsayin cikakken mustaɗili a ɗebe ɓangaren da ya ɓace. Falo mai mita 6 da 5 wanda aka cire masa kusurwa mai mita 2 da 2 yana da 30 a ɗebe 4, saura 26. Yana da kyau a bi hanyoyin biyu, domin idan amsoshin suka saɓa, to akwai gefen da aka auna ba daidai ba.

Zan iya dogara da taku ko da manhajar waya wajen auna gona?

Awo da taku yana da tarihi a ƙasar Hausa, domin a farkon mulkin Turawa an yi tsarin haraji da ake kira taki a ƙasashen Kano da Katsina, inda malaman taki ke bin gonaki suna auna su da ƙafa domin a yanka wa kowa abin da zai biya. Har yau hanyar tana da amfani wajen ƙiyasi, da sharaɗin mutum ya san tsawon takunsa. Sai ya shimfiɗa tef na mita 30 ko 50 a fili, ya taka shi sau uku da tafiyarsa ta yau da kullum, ya ɗauki matsakaicin adadin. Amma ya sani cewa ɗan kuskure a taku yana ruɓanya a girma: idan ya ƙara kashi biyar cikin ɗari a tsawo da kuma a faɗi, girman zai ƙaru da fiye da kashi goma.

Manhajojin waya da ke aiki da tauraron ɗan'adam sukan kauce da 'yan mitoci a kowace kusurwa. A gona mai hekta biyar wannan ba wani abu ba ne, kuma ya isa a san yawan iri da takin da za a saya. A fuloti mai faɗin mita 15 kuwa, kaucewar mita uku kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin gaba ɗaya. Saboda haka idan maganar ciniki ce ko rabon gado ko neman takardar mallaka, sai a kira safiyo mai rajista, a tsaya a filin tare da maƙwabta ranar da zai yi awon, kuma mai filin ya riƙe nasa tef da takarda, ya rubuta gefuna huɗu da awon gicciye, ya lissafa da kansa kafin ya sa hannu.